Turombon Biyu: Yadda Muke Koyon Faifan J.J. Johnson da Kai Winding

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Toh yau dai Allah ya yi mun fara. Kusan shekara guda kenan ni da abokina muna cewa za mu zauna mu koyi wannan faifan, kullum sai wani abu ya gifta, yau da la'asar na ɗau turombon ɗina na tafi gidansu na ce ko minti talatin ne sai mun yi. Faifan na kiɗan jazz ne, sunansa The Great Kai & J. J., an ɗauke shi a watan Oktoba da Nuwamba na 1960 a Amurka, ya fito farkon 1961, kuma mutum biyu ne a gaba, J.J. Johnson da Kai Winding, dukansu turombon suke busawa. Abin da ya fara kama ni kenan, don mu nan a badujala mai turombon yana layin baya ne, aikinsa ya cika wa masu begila da turampet murya, ba a san shi da jan waƙa ba. Sai ga faifai guda cur, waƙa 11, babu turampet babu saksofon, turombon biyu ne kawai da piyano da bes da ganguna.

Zan riƙa rubuta Winding maimakon Kai, don in na rubuta "Kai da J.J." sai a ɗauka da mai karatu nake.

Shirinmu: waƙa uku daga ciki, mu cire su da kunne, mu busa su mu biyu zuwa bayan ƙaramar sallah. Mun zaɓi Blue Monk da Georgia on My Mind da Side by Side. Yau dai saurare kawai muka yi, sau biyu daga farko har ƙarshe, ba mu ko buɗe akwatin kayan ba.

9 ga Nuwamba

Mun fara da Blue Monk don ita ce mai sauƙin shiga. Ta mai piyano Thelonious Monk ce, ya fara ɗaukarta a 1954, bulus ce, wato salon blues na baƙaƙen Amurka, mai gaɓa 12, kuma a kan B filat ya rubuta ta, wanda shi ne gidan turombon, sautin da kayan ke bayarwa ba tare da ka ja silaid, wato bututun da ke zamewa, ba. Ga wanda bai taɓa riƙe kayan ba, turombon ba ta da maɓalli ko ɗaya, doguwar bututu ce da kake ja kana turawa, tana da tasha bakwai kuma ba alama ko ɗaya a jiki, hannunka da kunnenka ne za su gaya maka inda za ka tsaya.

Abin daɗin shi ne layin farko na waƙar, mi fa fe so, in ka busa shi a ƙasa sai ya faɗo a tasha 4, 3, 2, 1 a jere, na biyun ma la ta ti do haka yake, 4, 3, 2, 1, hannu na dawowa gida a hankali kamar dama don turombon aka yi ta. Wannan shi abokina ya ɗauka. Ni na ɗauki murya ta biyu wadda ke ƙasa, kuma a nan na ga aiki, don tawa daga tasha 1 take tsalle zuwa 6, sannan 5, sannan 4, wato lokacin da shi yake tafiyar taku ɗaya ni sai na miƙa hannu kusan ƙarshe kuma dole mu sauka tare. Wannan namu tsarin ne mai sauƙi na masu koyo, su abin da suka yi a faifan ya fi haka ado nesa ba kusa ba, amma daga nan za mu hau.

Mun yi sau wajen ashirin. Sau uku ne ya zauna.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Yau ba atisaye. Na buɗe waya da safe na ga Roy Haynes ya rasu shekaranjiya, ranar 12 ga wata, yana da shekara 99. Yana cikin masu ganguna biyu da suka yi wannan faifan, shi da Art Taylor, kuma wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don sati biyu kenan kullum kiɗansa na cikin kunnena ban taɓa tunanin mutumin na nan da rai ba sai da na ji ya tafi. An haife shi a 1925, ya yi kiɗa da Lester Young, ya yi da Charlie Parker, ya yi shekaru yana bayan Sarah Vaughan, har a ƙungiyar John Coltrane ya yi kiɗa. Na kira abokina na gaya masa, ya yi shiru can ya ce toh yau mu saurari ganguna kawai mu manta da turombon. Haka na yi da daddare, kuma na ji abin da ban ji ba a baya, 'yan ƙananan duka masu kaifi da ake sakawa a tsakanin jimlolin masu busa, daidai inda suke shan numfashi. Ashe wurin da nake ɗauka fanko ne akwai mai tsaronsa.

23 ga Nuwamba

Yau gardama muka yi, ta kusan awa guda, kan wa ke busa wane wuri. Abin da wuya fa, kaya iri ɗaya, salo iri ɗaya, zamani ɗaya. Amma in ka daɗe kana ji sai su fara rabuwa. J.J. muryarsa a dunƙule take, mai santsi, mai ɗan duhu, ko wane sauti na fita a wanke kamar an yanka shi da reza, ba ya yawan karkarwar murya kuma ba ya gaggawa ko da gudun ya yi yawa. Winding kuwa tasa ta fi haske, akwai ƙarfe a ciki, akwai 'yar tsatsa a baki, yana son ya tura sauti ya ɗan yage. Abokina Winding yake so, ya ce shi ne mai jini a jika. Ni J.J. ne nawa, kuma ba na jin zan canza.

Na ɗan bi tarihinsu cikin satin nan don in san da wa nake zama. J.J. baƙar fata ne, haifaffen Indianapolis a 1924, ya yi aiki da Benny Carter sannan Count Basie kafin ya faɗa cikin 'yan bibop, wani salon jazz, a New York. A lokacin an ɗauka turombon ba za ta iya wannan kiɗan ba, don bibop gudu ne da lanƙwasa, ita kuwa an san ta da jan silaid mai nishi irin na New Orleans, irin na su Kid Ory. Shi ya nuna za ta iya, har wasu da suka ji shi a faifai suka rantse mai maɓalli yake busawa. Winding kuma Bature ne, an haife shi a Aarhus ta ƙasar Denmark a 1922, iyayensa suka kawo shi Amurka a 1934, ya bi ta hannun Benny Goodman sannan ya yi suna a ƙungiyar Stan Kenton. Dukansu sun busa a zaman da Miles Davis ya yi wanda daga baya aka haɗa aka kira Birth of the Cool, amma ba rana ɗaya ba, Winding a zaman farko na Janairun 1949, J.J. a sauran.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wajen 1952 J.J. ya ajiye kiɗa a matsayin sana'a, ya kama aikin duba zanen injiniyoyi a wani kamfani don abinci, mutumin da duk mai turombon a duniya ke kwaikwayo. Haɗuwarsa da Winding a 1954, da wani furodusa na kamfanin Savoy mai suna Ozzie Cadena ya shirya, ita ta dawo da shi sosai. Suka yi shekara biyu tare ana kiransu Jay and Kai, suna yawo suna cika wurare, Baƙi da Bature kafaɗa da kafaɗa a Amurkar da a Kudancinta doka ma ba ta yarda su zauna teburi ɗaya su ci abinci ba. Suka rabu a 1956 ba faɗa, kowa ya kama ƙungiyarsa. Wannan faifan namu na 1960 sake haɗuwa ce a situdiyo bayan shekara huɗu, shi ya sa nake jin wata irin walwala a ciki, kamar ta 'yan uwan da suka daɗe ba su ga juna ba.

7 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Leɓena ya tsage wuri biyu, in na ɗora bakin busa kamar an sa min barkono, sama da minti goma ba na iya yi. Ƙura kuma ta shiga silaid, yana kartar hannu yana tsayawa a tasha 3. Na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, na goge ciki da tsumma a jikin sanda, na shafa mai kaɗan na fesa ruwa, ya dawo daidai amma kwana biyu sai an sake. Man kaɗanya nake shafa wa leɓe da daddare.

Blue Monk ta zauna a gudu 90 na metronom ɗin waya, mai ƙirga mana bugu. Kan waƙar kawai, ba solo, wato inda mutum ɗaya ke busa nasa shi kaɗai.

21 ga Disamba

Ba mu haɗu ba sati biyu, abokina na birged ɗin cocinsu kuma watan nan nasu ne, kullum suna atisayen Kirsimeti har dare. Na yi amfani da lokacin na zauna da Georgia ni kaɗai.

Waƙar tsohuwa ce, Hoagy Carmichael ya yi ta a 1930, amma a Nuwamban 1960 ɗin da su J.J. ke cikin situdiyo ita ce ta ɗaya a Amurka a bakin Ray Charles, wato abin da kowa ke ji a rediyo suka ɗauko suka busa. Kuma abin ya ƙara haɗuwa, wannan faifan shi ne na farko da kamfanin Impulse! ya taɓa fitarwa, lambarsa A-1, na biyu A-2 na Ray Charles ne. Creed Taylor ne ya kafa kamfanin a ƙarƙashin ABC-Paramount kuma shi ya shirya faifan. Yau in an ce Impulse! kowa Coltrane yake tunawa da wannan bangon mai ruwan lemo da baƙi, amma ƙofar da turombon biyu aka buɗe ta, na Coltrane na farko a can sai a A-6. Ina jin daɗin wannan ba kaɗan ba.

Waƙa mai tafiyar hawainiya ta fi mai gudu tona asiri. A Blue Monk in sautinka ya ɗan karkace kafin a ankara ka wuce, a nan kuwa za ka riƙe sauti ɗaya tsawon numfashi kowa na jinsa tsirara. Na koma dogayen sautuka kamar ɗan koyo, minti goma sha biyar kowace safiya kafin in fita aiki, daga B filat in sauka tasha tasha har 7.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau ranar ce da ba zan manta ba, bari in rubuta ta da kyau.

Akwai wani dattijo a unguwar su abokina, tsohon ɗan badujala ne da ya yi ritaya tuntuni, turombon ya busa duk rayuwarsa har haƙora suka hana shi. Kullum in muna atisaye a zaure yana zaune a dakalinsa bai taɓa cewa komai ba, yau sai ga shi ya shigo da sandarsa ya ce yara ku sake wannan ta farkon. Muka gaishe shi muka ba shi tabarma muka busa Blue Monk, ni a raina ina cewa yau ta fita. Da muka gama ya ce kun fara tare amma ba ku gama tare ba. Na ce Baba ban gane ba. Ya ce kai kana sakin sautinka kafin ɗan uwanka, shi kuma yana jan nasa kamar ba ya so ya rabu da shi, toh wannan ɗan tsakanin shi ke sa a ji ku mutum biyu ne, sa min na Turawan nan in ji. Na kunna masa a waya, ya kanga kunne ya rufe ido, can ya ɗaga yatsa ya ce ka ji? Wutsiyar suke yankewa tare.

Wallahi wata biyu ina jin faifan nan kullum, hankalina na kan gudun hannu da tsayin murya da wane ne ya fi wani solo, ban taɓa sauraren inda sauti ke ƙarewa ba. Da na koma na saurara da wannan kunnen sai na ji ko'ina haka yake, su fara tare, su kumbura sautin tare, su yanke shi tare, har numfashi wuri ɗaya suke sha, shi ya sa wani lokacin sai ka rantse kaya ɗaya ne mai murya biyu. Mutum biyu da muryarsu ta bambanta kamar yadda na faɗa, amma in sun zo layin haɗaka kowa sai ya rage nasa ya matso wajen ɗan uwansa, J.J. ya ɗan ƙara haske, Winding ya ɗan rage kaifi.

Baba ya sa muka ajiye takarda, ya ce mu juya mu fuskanci juna, kowa ya kalli kafaɗar ɗan uwansa don a nan ake ganin numfashi kafin a ji shi. Ya sa muka busa sauti ɗaya tak, F, ƙirga huɗu, mu yanke. Muka yi ta yi har aka kira magariba. Ya kuma gaya min wani abu game da murya ta biyu, ya ce in kana jin kanka fiye da na sama to ka yi ƙara, kuma in kai ne ke riƙe da mi a cikin haɗin, ka ɗan tura silaid waje kaɗan, kamar faɗin farce, za ka ji wannan rawar da sautukan biyu ke yi ta kwanta. Na gwada, ta kwanta kuwa, sai da na ji kayan na rawa a hannuna kamar wani na uku ya shigo a ƙasa.

Da zai tafi na ce Baba don Allah ka riƙa leƙo mu, ya ce in ƙafa ta bari.

Laraba, 22 ga Janairu

Yau ranar haihuwar J.J. ce, da yana raye da ya cika 101. Ya rasu a Fabrairun 2001 a garinsu Indianapolis, Winding ya riga shi tun 1983. Ban yi wani abu ba illa na cire gaɓa 12 na farko na solo ɗaya a Blue Monk, na rage gudun a waya zuwa rabi ina tsayarwa ina rubutawa a do re mi. Awa biyu ya ci min. Abin mamaki sautukan ba su da yawa, kuma ba wanda ya fi ƙarfina a cikinsu, inda aka ajiye su ne abin.

1 ga Fabrairu

Tsautsayi. Kayana na jingine a bango yaro ya bi ta kai, silaid ya lotsa kaɗan wajen tasha 2, ba ya wucewa sai da ƙarfi. Na kai wa wani mai gyara ya buga shi da abin da bai dace ba ya ƙara lalata shi, raina ya ɓaci sosai ranar. Baba ne ya karɓa, ya zura wani ƙarfe mai santsi da ya ajiye tun zamanin aikinsa, ya yi ta murzawa a hankali kwana biyu, yanzun yana tafiya, akwai ɗan kama kaɗan amma ana busawa.

15 ga Fabrairu

Side by Side mun taɓa ta yau karo na farko kuma gaskiya ta fi ƙarfinmu a gudun da suka yi ta, harshe ba ya kai wa. Mun mayar da ita rabi. Ba zan ce komai a kanta ba tukun.

Abin da nake so in rubuta shi ne piyano. Tun da ba mu da mai piyano sai yanzu na gane girman ramin da muke ciki. Bill Evans ne a faifan gaba ɗaya, kuma wannan shekara ɗaya ce da 'yan watanni bayan faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue, inda ya zauna da Paul Chambers, shi ma Chambers ɗin yana nan a wasu waƙoƙin, sauran Tommy Williams ne a bes. Turombon biyu wuri ɗaya suke zama a tsakiyar murya, daidai inda hannun hagu na mai piyano yake son zama, in aka sami mai cika hannu sai komai ya dagule ya zama kunu. Evans sai ya bar musu wurin, ya ɗan taɓa nan ya ɗan taɓa can, sau da yawa sama da su. Sannan ɗaukar sautin kanta, a situdiyon Rudy Van Gelder aka yi a Englewood Cliffs ta jihar New Jersey, mutumin da likitan tabarau ne kafin ya koma wannan aikin gaba ɗaya a 1959, ko a 'yar sifikar waya kana jin kowace turombon da iskarta daban.

Abokina ya yi magana da mai kibod na cocinsu, ya ce zai zo ya gwada. Na tura masa faifan na ce dan Allah ya saurari abin da mutumin ba ya bugawa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun yi mu uku yau da mai kibod, Baba na zaune. Blue Monk daga farko har ƙarshe, kan waƙa sau biyu, abokina ya yi zagaye biyu nasa, na yi ɗaya wanda na cire ɗaya kuma nawa na kaina, muka koma kai muka rufe. Gudu 112. Na ɗauka a waya na saurara a hanyar gida har sau huɗu. A gaɓa ta 9 har yanzu ina riga shi saki, kuma tsallen nan daga tasha 1 zuwa 6 yana fita da ɗan jan silaid da bai kamata a ji ba, sai na ƙara sa harshe. Amma rufewar ƙarshe, wannan dogon sautin, mun yanke shi tare, na mayar da wurin baya na sake ji don in tabbatar. Baba bai ce ya yi kyau ba, ya dai ce a sake, kuma wannan karon bai ɗaga yatsa ba.

Georgia ta kai rabi, gada, wato sashen tsakiyar waƙar, ce ta rage, ba mu daidaita wa zai hau sama ba don ta fi ƙarfin leɓena in na gaji.

Azumi na kamawa sati mai zuwa in an ga wata, busa da rana ba zai yiwu min ba, baki a bushe ba ya ba da sauti. Mun shirya za mu koma bayan tarawi ranar Talata da Asabar, minti arba'in arba'in, da toshi a bakin kayan saboda maƙwabta. Abokina zai kawo nasa toshin guda biyu, ni kuma kafin nan zan rubuta murya ta biyu ta gadar Georgia in tura masa.